Haƙƙin Karen da Muka Tura Gaba

Jawabin da aka gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan zaure cikin rai da lafiya, ina kuma roƙonsa ya jiƙan waɗanda muka zauna da su bara amma bana babu su. Bayan haka ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar in tsaya a nan, alhali ga waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru a zaune. Ban taɓa hawa kan wannan dandamali ba sai sau ɗaya, ranar da aka kira sunana a asambule domin na tsallake katanga, saboda haka in kun ga ƙafata tana rawa, ku yi mini uzuri.

Da Sakataren ƙungiya ya bugo mini waya yana tambayar kan maganar da zan yi domin a sa a takardar gayyata, na ce masa zan yi magana ne a kan yadda ma'aikatan agajin gaggawa ke yi wa karnukan 'yan sanda magani idan suka ji rauni a bakin aiki. Sai na ji shiru. Can sai ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Ga matsalar ruwa a makaranta, ga rufin ɗakin kwana iska ta yaye, kai kuma sai maganar kare?" Na ce ya yi haƙuri ya rubuta haka nan. Na kuma lura tun da aka karanta kan maganar wasu 'yan ajinmu ke ta zungurin juna, musamman waɗanda muka riƙa jifar karen maigadi tare a bayan kicin. To, ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa sa kaki ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni, aikina fayil da biro. Abin da ya kai ni ga wannan magana wani laifi ne da na yi da hannuna, kuma zan faɗe shi a gaban malamaina kafin in sauka. Amma bari in fara da labarin wata ƙasa, domin a can ne aka fi tattauna al'amarin har ya kai ga majalisa.

Ranar Alhamis 12 ga Afrilu 2018, a jihar Masachusets ta ƙasar Amurka, 'yan sanda suka tafi wani gida a ƙauyen Marstons Mills da takardar izinin kama wani mutum da ake nema. A cikinsu akwai wani ɗan sanda na garin Yarmouth mai suna Sean Gannon, ɗan shekara 32, wato sa'an yawancinmu 'yan ajin nan. Tare da shi akwai karensa na aiki mai suna Nero, irin karnukan nan na ƙasar Baljiyam da ake kira Malinuwa. Mutumin da ake nema ya ɓuya a saman silin. Da Gannon da karensa suka hau dubawa, sai ya buɗe musu wuta. Gannon ya mutu, Nero kuma harsashi ya same shi a fuska da wuya.

Ga inda nake so ku lura. A wajen gidan nan akwai motocin ɗaukar marasa lafiya a tsaye, da ma'aikatan da suka ƙware wajen tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi, da kayan aikinsu cif-cif. Amma da aka fito da karen, dokar jihar ba ta yarda su yi masa magani ba, ba ta kuma yarda su ɗauke shi a motarsu ba. Sai a bayan motar 'yan sanda aka kwantar da shi aka ruga da shi asibitin dabbobi. Allah ya sa yana da sauran kwana, aka yi masa aiki ya warke. Shi kuwa wanda ya yi harbin, a 2021 kotu ta same shi da laifin kisa, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. An kuma ƙara wa Gannon girma zuwa saje bayan mutuwarsa.

Watakila wani ya ce wace irin muguwar doka ce wannan? To, mu da muke aikin ofis mun san ba mugu ne ya rubuta ta ba. Dokoki biyu ne suka haɗu, kowace kuma da dalilinta mai kyau. Ta farko ta ce ba mai yi wa dabba magani sai likitan dabbobi mai lasisi, domin a hana 'yan damfara cutar da dabbobin mutane. Ta biyu ta ce motar asibiti ta mutane ce, domin kada a kira ta ga mai haihuwa a tarar ta tafi kai magen wani attajiri. Kowace ka ɗauka ita kaɗai, ba ka ga aibunta. Amma waɗanda suka rubuta su ba su taɓa zama sun tambayi kansu ba: in aka harbi karen da hukuma ta tura cikin haɗari, ga mota babu kowa a ciki, ga likitan dabbobi yana nesa, me za a yi? A wannan giɓi ne Nero ya kusa mutuwa.

Mataimakin shugaban 'yan sandan Yarmouth na lokacin, Steven Xiarhos, bai manta da ranar nan ba. Bayan ya bar aiki ya tsaya zaɓe a 2020, ya shiga majalisar dokokin jihar, ya zama ɗaya daga cikin masu fafitikar a gyara dokar, tare da iyayen marigayin. A watan Fabrairu 2022 Gwamna Charlie Baker ya sa hannu a kan dokar da ake kira Dokar Nero. Ku lissafa, kusan shekara huɗu ke nan kafin a toshe giɓin da kowa ya gani da idonsa. Abin da dokar ta tanada a taƙaice shi ne, ma'aikatan agajin gaggawa suna iya ba karen 'yan sanda da ya ji rauni a bakin aiki taimakon farko, su kuma kai shi asibitin dabbobi a motarsu, da sharaɗin babu wani ɗan Adam da ke bukatar kulawarsu ko motar a lokacin. Ta kuma umarci hukumar lafiya ta jihar ta tsara yadda za a horar da ma'aikatan, da yadda za a wanke motar a kashe ƙwayoyin cuta kafin a sake sa mutum a ciki.

Masachusets ba ita ta fara ba. Jihar Kolorado ta ba ma'aikatan agaji irin wannan izini tun 2014, Ohayo ta bi a 2016, Fulorida kuma ta yi tata dokar ta karnukan 'yan sanda a 2021. A Ingila ma an sha irin wannan gwagwarmaya, ko da yake ta wata fuska. A watan Oktoba 2016, a garin Stevenage da ke arewa da Landan, wani matashi da ake bi ya daɓa wa wani karen 'yan sanda mai suna Finn wuƙa a ƙirji da kai, ya kuma yanki mai riƙonsa, Dave Wardell, a hannu. Da aka zo tuhuma, abin da aka yi wa karen sai aka sa shi a layin ɓarnata dukiya, daidai da wanda ya fasa gilashin taga. Wannan ya sa aka yi ta kai gwauro ana kai mari har aka samu dokar kare dabbobin aiki, wadda ta fara aiki a watan Yuni 2019, ana kuma kiranta Dokar Finn.

To, me ya sa waɗannan mutane suka damu haka? Dalili shi ne irin aikin da ake ba karen. Hancinsa yana da ƙwayoyin jin ƙanshi fiye da miliyan 200, alhali na mutum bai wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Shi ake turawa ya sansano bam kafin manya su shiga zaure, shi ke gano miyagun ƙwayoyi a cikin kaya, shi ke nemo wanda gini ya rufta wa, shi ake saki a ɗaki mai duhu inda ake zaton ɗan bindiga ya laɓe. Duk inda ake tsoron tura mutum, shi ake fara turawa. Bai nemi aikin ba, bai sa hannu a takarda ba, ba ya karɓar albashi balle fansho. Saboda haka wanda ya tura shi ne ke ɗauke da haƙƙinsa.

Yanzu bari in ɗan shiga gonar likitocinmu da ke zaune a nan, in na yi kuskure su gyara mini bayan taro. Izini kaɗai ba ya wadatarwa, domin jikin kare daban yake da na mutum, kuma abin da ake koya wa ma'aikatan agaji ke nan.

Abu na farko shi ne takunkumi. Kare mai rauni yana iya cizon ko da ubangidansa ne, saboda zafin ciwo ya gusar masa da hankali. Don haka ake fara ɗaure masa baki, kuma mai riƙonsa ne ya fi dacewa ya yi, yana yi masa magana da muryar da ya sani. Sai dai in numfashi yana yi masa wuya, ko yana amai, ko zafi ne ya kayar da shi, to ba a sa takunkumi mai matse baki, domin ta baki yake samun iska.

Na biyu, tsayar da jini. Ɗamarar nan da ake ɗaure hannu ko ƙafar mutum da ita domin tsayar da jini takan zame a ƙafar kare, saboda ƙafarsa mai kauri ce daga sama ta tsuke zuwa ƙasa. Abin da ya fi aiki shi ne a danne raunin da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, in rami ne a cusa bandeji a ciki, sa'an nan a naɗe tam. Bugun jini kuma ba a wuyan hannu ake nemansa ba, a cikin cinyar ƙafar baya ake taɓawa. Ana kuma ɗaga leɓe a dubi dasashi: in ja-ja ne mai haske, da sauƙi; in ya yi fari fat, to jini ya zuba da yawa, wataƙila ma a cikin ciki inda ido ba ya gani.

Na uku, idan zuciya ta tsaya, akan kwantar da shi ta gefe a riƙa danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, bayan kowace dannawa 30 a rufe bakinsa a hura masa iska sau 2 ta hanci. Na huɗu, tun da aikinsa sansana kaya ne, yakan shaƙi ƙwayoyi masu ƙarfi irin su fentanil, waɗanda ke dakushe numfashi. Maganin nan naloksan da ake farfaɗo da mutum da shi yana yi wa kare aiki, shi ya sa dokar ta ambace shi. Amma kada wani ya ji haka ya ce duk maganin mutum na kare ne. Ibufurofen da muke sha don ciwon jiki yana iya huda wa kare ciki ya lalata masa ƙoda.

Na biyar, wanda ya fi shafarmu a wannan ƙasa tamu mai rana, shi ne zafi. Kare ba ya zufa kamar mu sai 'yar kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 41 to rai na cikin haɗari. Alamunsa su ne haki mai tsanani, dalala mai kauri, tangaɗi, sa'an nan faɗuwa. Zafi na cikin manyan abubuwan da ke kashe karnukan aiki, har a ƙasashen da ba su kai mu rana ba. Maganinsa kuma ba ya bukatar digirin jami'a: a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita. Abin da likitocin dabbobi ke koyarwa yanzu shi ne a fara sanyaya shi nan take a inda ya faɗi, sa'an nan a ɗauke shi zuwa asibiti. Ku riƙe wannan na ƙarshen, domin a kansa laifina yake.

Shekara uku da suka wuce, cikin bazara, ofishinmu ya shirya wani babban taro da manyan baƙi za su halarta. Aka sa ni cikin kwamitin shirye-shirye, aka damƙa mini kula da motoci, har da motar asibiti guda da muka aro domin ko-ta-kwana. Tun da sassafe jami'an tsaro suka zo da karnuka biyu suka bi zauren kujera-kujera suna sansanawa, sa'an nan aka tsayar da su a bakin ƙofa suna duba motocin da ke shigowa. Kun san ranar watan Afrilu, ba sai na kwatanta muku ba. Wajen ƙarfe ɗaya, ina tsaye da takarduna, sai ga wani saurayin jami'i a guje, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, karena ya faɗi. A taimaka mini da motar can in kai shi wurin likita. Direba ya ce sai da izininka."

Na waiwaya na ga karen kwance a gefen ƙofa, harshe waje, cikinsa na sama da ƙasa. Na dubi motar, tana tsaye a inuwar darbejiya, ma'aikatanta biyu suna zaune suna hira. Kun san abin da ya fara zuwa mini a rai? Takarda. Na ce a raina, wa ya ba ni ikon sa kare a motar mutane? In wani babba ya yanke jiki ya faɗi motar ba ta nan, wa zai amsa tambaya? In labari ya bazu cewa na kwantar da kare a gadon da ake kwantar da mutane fa? Sai na ba shi amsar da aka sha ba ni, wadda ni ma na iya bayarwa: "Ka yi haƙuri, babu wannan a cikin tsarinmu."

Bai yi mini musu ba. Ya sake ƙamewa, ya juya, ya sunkuci karen nan mai nauyi a kafaɗa, ya fita titi yana tsayar da a-daidaita-sahu. Biyu suka wuce shi da suka ga abin da ya ɗauko, na uku ya tsaya. Bayan la'asar, ana tattara kujeru, na hango shi ya dawo shi kaɗai, da igiyar karen a naɗe a hannu. Na tambaye shi, ya ce, "Kafin mu isa ya cika, ranka ya daɗe." Ya ce shekara huɗu suna tare. Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban sami abin faɗa ba. Motar nan kuwa har aka tashi taro ba ta ɗauki kowa ba.

Na daɗe ina kare kaina da cewa ai doka na bi. Daga baya, da na shiga karance-karance a kan al'amarin har na ci karo da labarin Nero, sai na gano abin da ya fi hana ni barci. Ashe ma ba mota ce farkon abin da karen ke bukata ba, ruwa ne. A bayana, tazarar taku goma, akwai jakunkunan ruwan leda da muka jibge cikin ƙanƙara domin baƙi, kuma ni ne na sa hannu aka sayo su. Da ni, da ma'aikatan motar, da shi kansa jami'in, babu wanda ya san a fasa su a kan karen kafin a ɗaga shi. Ma'aikatan Masachusets sun san abin yi, doka ta ɗaure musu hannu. Mu kuwa babu dokar da ta hana mu zuba ruwa, rashin sani ne da tsoron tambaya suka ɗaure mu.

Na san abin da ke ran wasu a nan, domin ni ma na faɗa wa kaina shi. Za a ce, ƙasar da mai naƙuda ke tafiya asibiti a kan babur, ƙasar da wanda ya yi haɗari a hanya ake ɗauka a bayan akori-kura, ina ita ina zancen motar asibiti ga kare? Wannan magana gaskiya ce, ban zo in musa ta ba. Ran ɗan Adam yana gaba, kuma kun ji ita kanta dokar Amurkan haka ta tsara. Amma ranar nan tawa babu wani ɗan Adam da na ceta da hanawar da na yi. Kaina kawai na ceta daga tambaya. Kuma na lura bakin da ya saba cewa "babu wannan a cikin tsarinmu" ba ya tsayawa a kan kare. Shi ne ke faɗa wa masinjan da ya karye a kan hanyar kai wasiƙa, shi ne ke faɗa wa matar maigadin da ɓarayi suka kashe a bakin ƙofar ofis in ta zo neman haƙƙin mijinta. Wanda duk ya zauna a bayan tebur a cikinmu ya san abin da nake nufi.

Za a kuma ce kare ne fa, mun san matsayinsa a wurinmu. Malaminmu na Addini yana zaune a nan, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ya karantar da mu a aji biyu labarin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa saboda haka. Yana cikin Bukhari da Muslim. Shi ya kuma nuna mana cewa an halatta riƙon kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Na haddace wannan na ci jarrabawa da shi, Malam, amma ranar da aka yi mini jarrabawar gaske, ga ruwan ga karen, na faɗi. Mutumin can sai da ya shiga rijiya. Ni juyawa kawai zan yi.

Kada ƙannenmu ɗalibai su ji wannan su tafi suna rungumar kowane kare a titi. Maganata a kan karen aiki ce, wanda ke da mai riƙo kuma ake yi masa allurar rigakafi. Karen da ba ka sani ba, ka nisance shi, domin ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru.

To, me nake roƙo? Abu uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko ga 'yan'uwana ma'aikata. Hukumominmu na tsaro suna amfani da karnuka, a filayen jiragen sama da wuraren manyan taruka. Duk wanda aka sa shi cikin kwamitin da za a kawo su, ya tambaya tun a zaman farko: ina inuwarsu, ina ruwansu, minti nawa za su yi a rana kafin a hutar da su, wane likitan dabbobi za a kira, wace mota za ta ɗauke su? A rubuta amsar a takarda, mai iko ya sa hannu, domin ƙaramin ma'aikaci irina ya sami abin dogara. Ni na yi haka a ofishinmu bara. Sakin layi ɗaya ne na ƙara a takardar shirye-shirye, aka yi mini dariya, amma aka sa hannu. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.

Na biyu ga ƙungiyarmu. A zamaninmu akwai ƙungiyar agaji ta Red Cross a makarantar nan, Malaminmu na Kimiyyar Halittu ne ke kula da ita, a nan muka fara koyon naɗa bandeji a kan juna muna dariya. An gaya mini ta daɗe da mutuwa. A cikinmu akwai likitoci, akwai ma'aikatan jinya, akwai likitocin dabbobi, akwai masu kaki. Ina ba da shawarar mu ware Asabar ɗaya a kowane zango su zo su koya wa ƙannenmu taimakon farko: tsayar da jini, farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da abin da ake yi wa wanda zafi ya kayar, mutum ne ko dabba. Ni na ɗauki nauyin akwatin kayan agaji na farko, Ma'aji ya rubuta sunana.

Na uku ga kowa da kowa. In ka koma wurin aikinka ranar Litinin, ka ɗauko ƙa'idar da ka fi kafa hujja da ita wajen mayar da mutane, ka karanta ta da kyau, ka tambayi kanka don me aka yi ta, kuma wa take bari a waje. In ka ga giɓi, ka rubuta wa na sama da kai. Mutanen Masachusets sai da aka kashe musu ɗan sanda, aka zubar da jinin karensa a gaban motocin asibiti, sa'an nan suka gyara tasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shi kuwa saurayin jami'in nan, ban tambayi sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba. In Allah ya sa wannan mujalla ta faɗa hannunsa, ina neman ya yafe mini.

Iyayenmu Malamai, mun gode da tarbiyyar da kuka ba mu. Inda muka gaza, laifinmu ne, ku kun fita. Allah ya saka muku da alheri, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.